Zan iya taka Hanyar Likya a dogon hutun Yuli?

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗan Sakkwato ne, ina karatu a wata jami'a a Konya, a ƙasar Turkiyya. Na ga hotunan Hanyar Likya a Instagram, raina ya biya. Ina so in taka ta daga farko har ƙarshe a dogon hutu, Yuli zuwa Agusta, ni kaɗai. An ce kilomita 500 ne da ɗoriya, na lissafa in ina cin 25 kullum, cikin mako uku na gama. Abokaina Turkawa sai cewa suke zafi zai kashe ni, ni kuwa dariya suke ba ni, mutumin da ya girma a ranar Sakkwato. Ina buga ƙwallo, lafiyata ƙalau. Lissafina ya yi? Me kuma zan tanada?"

Wa alaikumus salam ƙanena. A zahiri abu biyu ka tambaya, lissafin kwanaki da kayan tafiya, amma na ga inda ka jingina duka maganar: kana ganin wanda ya sha ranar Sakkwato ya gama da zafin duniya. Daga nan ya kamata mu fara, don idan wannan ya rushe, sauran lissafin duk sai an sake shi. Ni ma da wannan taƙamar na shiga hanyar karo na farko, lokacin ina karatu a Antaliya. Na bi ta gutsure-gutsure cikin shekara huɗu, daga baya na haɗa ta gaba ɗaya cikin kwana 32, kuma na sha raka sabbin ɗalibai 'yan gida wasu sassanta. A taƙaice, abokanka sun fi ka gaskiya, mako uku kuma ba zai ishe ka ba.

Hanyar da kanta

Likya tsohon sunan yankin ne, wani ƙusumbin ƙasa da ya kutsa cikin Bahar Rum a kudu maso yammacin Turkiyya, tsakanin Fetiye da Antaliya. Wata Baturiyar Ingila mazauniyar Turkiyya, Kate Clow, ita ce ta bi tsofaffin turbobin alfadarai da na makiyaya da ragowar titunan Rumawa ta ɗinke su, aka buɗe hanyar a 1999. Tsawonta na farko kimanin kilomita 509 ne, an yi ta ƙara mata rassa tun daga nan, shi ya sa za ka ga wani ya rubuta 540, wani fiye da haka. Alamarta zanen fenti ne, fari a sama ja a ƙasa, a jikin dutse ko itace. In ka ga gicciyen ja, ka ɗauki hanyar da ba ita ba, ka koma. (Sunayen wurare na rubuta su yadda ake faɗa, a taswira za ka gan su da harrufan Turkanci da ka riga ka saba da su.)

Abin da hoton Instagram ba ya nunawa shi ne dalilin da ya sa turbar take yadda take. Tsaunukan Toros a nan ba sa barin fili tsakaninsu da teku, kai tsaye suke faɗawa cikin ruwa. Dutsen Babadag, wanda masu laimar sauka suke dirowa daga kansa zuwa Oludeniz, mita 1969 ne, kuma ƙafarsa a cikin teku take. Tahtali a can gabas ya haura mita 2300. Mutanen da kuwa a kan tudu suka fi kafa ƙauyukansu, inda ake samun ɗan filin noma da tsaro, tashar jiragen ruwa kuma tana ƙasa. To turbar da ta haɗa su dole ta yi ta hawa tana sauka. Kowane rafi da ya tsaga dutse ya bar kwazazzabo, kai kuma sai ka gangara cikinsa ka sake haurowa ta ɗaya ɓangaren. Sau da yawa za ka hango ƙauyen da za ka kwana tun hantsi, har kana ganin hasumiyar masallacinsa, amma sai bayan la'asar ka taka shi. A can na fahimci hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Me ya sa 25 kullum ba ya yiwuwa

Masu hawan dutse suna da wani ma'auni da wani ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892: ka ba kowane kilomita 5 awa ɗaya, sannan ka ƙara awa ɗaya kan kowane mita 600 na hawa. Ma'aunin na mai ƙarfi ne wanda ba ya ɗauke da kaya, a turba mai kyau, babu hutu a ciki. A Likya ni ƙara masa rabi nake yi, wani lokacin ma sai na ninka.

Ɗauki ranar da ake tashi daga bakin ruwan Kabak zuwa ƙauyen Alinja. A taswira bai kai kilomita 10 ba, kai da ka saba da filin Konya za ka ce kafin azahar ka sha shayi a can. Amma hawan kimanin mita 700 ne, kuma ƙasan ba ƙasa ba ce. Dutsen farar ƙasa ne da ruwan sama ya daɗe yana ci, ya bar shi da kaifi da ramuka, ga tsakuwa mai gangarowa ƙarƙashin ƙafa. Ba ka samun taku biyu iri ɗaya. Idonka yana ƙasa kullum, in kana son kallon teku sai ka tsaya cak. A irin wannan wuri kilomita 2 a awa ba abin kunya ba ne. Akwai ranakun da za ka ci 25 ko fiye, kamar kwarin Ksantos da Letun inda ake ratsa rumfunan tumatir a kan kwalta, amma tsakani da Allah waɗannan su ne ranakun da suka fi gundura, mutane da yawa mota suke shiga su tsallake. Matsakaicin da na gani ga mai lafiya yana tsakanin 15 zuwa 18, shi ya sa ake ƙiyasta wata guda ko ya ɗan gota.

Ƙwallon da kake bugawa ya ba ka numfashi, wannan riba ce. Sai dai abin da ke kayar da matasa a can gangara ce. Hawa huhu yake ci, ka tsaya minti biyu ka dawo daidai. Gangara da kilo 12 a baya gwiwa take ci da gaban cinya, kuma ba ka jin ta sai washegari da ka zo tsugunawa alwala. Na ga ɗan wasan da ya fi mu duka gudu ya ajiye tafiya a rana ta uku, ba don komai ba sai gwiwa da bororon da ya fashe a diddige.

Zafin Sakkwato da zafin bakin teku

Zafinmu na bazara busasshe ne. Gumi yana fitowa iska ta kwashe shi, jiki ya huce, shi ya sa ruwan randa yake sanyi ko ana narkewa a waje. A gaɓar Antaliya cikin Yuli da Agusta ma'auni yakan kai 35 zuwa 40, iskar kuma cike take da laimar teku. Gumin ba ya bushewa, zuba kawai yake, ka yi asarar ruwa da gishiri ba tare da ka huce ba. Farin dutsen yana maido maka da rana daga ƙasa, wurare da yawa kuma ƙananan ƙayoyi ne da ba su kai kafaɗa ba, babu inuwa.

Sannan ka tuna yadda muke zama da zafi a gida. Wa ka taɓa gani a Sakkwato cikin Afrilu ya goya buhu yana hawan dutse da ƙarfe ɗaya na rana? Manomi da sassafe yake fita, mai shago ya ja labule, dattawa suna gindin dogon yaro har la'asar. Wayonmu da rana shi ne kauce mata. Shekarun da ka yi a Konya ma sun rage maka sabo, don jiki cikin 'yan makonni yake sakin sabonsa da zafi in ya bar wurin.

Babbar matsalar ma ruwa ce. Dutsen farar ƙasa ba ya riƙe ruwa a sama, shanyewa yake ta ramuka ya bi ƙarƙashin ƙasa. Maɓuɓɓugan da ke gudu a Afrilu da yawa sun ƙafe kafin Yuli. Mutanen da sun magance wannan da matattarar ruwan sama da suke kira sarnic, wani gini mai ƙubba kamar ƙaramin rumbu, da rami a ciki. Suna nan har yau, amma ba abin dogaro ba ne. A ƙarshen wani Mayu, tsakanin Kash da Ucagiz, na fita da lita biyu kacal don taswira ta nuna mini sarnic a tsakiyar hanya. Na iso wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na sunkuya ta ƙofar, na haska tocila. Ruwan bai wuce tafin hannu ba, kore shar, tsutsotsin sauro suna wutsil-wutsil, ga wani abu mai gashi a kumbure a gefe da ban tsaya tantance ko mene ne ba. Saura mini rabin gora da tafiyar awa uku. Kafin in kai rabi na daina gumi, kaina yana sarawa, na fara tuntuɓe a inda babu abin tuntuɓe. Wata tsohuwa mai kiwon awaki ce ta hango ni zaune a gindin wani icce, ta zo da jarka, ta tsaya a kaina har na sha, sannan ta miƙo mini ayran, nonon nan nasu da ake damawa da gishiri. Faɗa take mini da Turkancin ƙauye, rabinsa ban gane ba, amma na gane ba yabo ba ne. Wannan fa Mayu ke nan. A Agusta ita kanta ba za ta kasance a wurin ba, don makiyayan yankin, waɗanda ake kira Yoruk, sukan hau da garkensu can saman duwatsu su yi rani, kamar yadda Fulaninmu suke tashi in kiwo ya ƙare.

Ƙari a kan haka akwai gobarar daji. Bayan wadda ta ci Manabgat da sassan Mugla a ƙarshen Yuli da Agustan 2021, gwamnonin lardunan sukan hana shiga dazuzzuka da yawa a watannin zafi. Hanyar kuwa cikin dajin fayin take ratsawa a wurare da dama. Ɗalibi baƙo mai takardar zama ba ya buƙatar jandarma su tsince shi a inda aka hana.

To yaushe, kuma ina

Lokacin da ya fi shi ne daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu: ruwa yana gudu, furanni sun fito, dare da sanyi-sanyi. Na biyu Oktoba zuwa farkon Nuwamba, teku yana da ɗumi, sai dai maɓuɓɓuga ba su dawo ba tukuna. Na san matsalarka, duk biyun a tsakiyar karatu suke. Hutun tsakiyar shekara na ƙarshen Janairu kuwa ruwan sama ne da gajeriyar rana, masaukai da yawa a rufe, sassan sama kuma dusar ƙanƙara ta rufe alamomi.

Shawarata ka bar zancen gama ta a karo ɗaya. Ka nemi kwana biyar a jere cikin Afrilu ko Oktoba, ko hutun Sallah idan ya faɗo daidai, ka bi sashen yamma. Ka sauka Fetiye, ka shiga ƙaramar bas ta dolmush zuwa Ovajik inda ƙofar hanyar take, ka kwana Faralya, sannan Kabak, Alinja, ka bi ta Gey da Bel. Kowane dare akwai ƙauye da pansiyon, wato gidan da masu shi suke ba da ɗaki da abincin dare da na safe, don haka ba ka buƙatar tanti ko tukunya, jakarka ba za ta wuce kilo 8 ba. In abin ya ƙi, mota ba ta da nisa. A Faralya za ka leƙa Kwarin Malam-buɗe-littafi daga sama, kuma lalle wani zai ce maka akwai igiya da ake sauka da ita. Kada ka bi. Wannan saukar ba ta cikin hanyar, kuma an yi asarar rayuka a kanta.

Idan ka dawo kana marmarin ƙari, karo na biyu ka ɗauki gabas: Karaoz zuwa fitilar jiragen ruwa ta Gelidonya, sannan Adrasan, ka tsallake Dutsen Musa ka faɗa kufan Olimfos da ƙauyen Cirali. Daga fitilar zuwa Adrasan yini guda ne babu ruwan da za ka dogara da shi, lita huɗu nake ɗauka. Ladan wahalar yana Cirali. Bayan magariba ka hau Yanartash, inda iskar gas take fitowa daga tsagar dutse tana ci da wuta, ba itace ba toka, tun zamanin Girkawan da. Na taɓa ɗora ƙaramar butar shayi a kan ɗaya daga cikin harsunan wutar, ta tafasa, muka sha muna kallon duhun teku. Sashen Demre zuwa Finike kuwa, kwana uku ne a saman dutse, yana kaiwa kusan mita 1800, babu kanti babu masauki. Wannan ka bar shi sai ƙafarka ta san hanyar, kuma ba kai kaɗai ba.

In kuwa ka ce lalle sai dogon hutu, to ƙarshen Satumba gab da komawa makaranta ya fi Yuli nesa ba kusa ba. Ka tashi bayan sallar asuba, ka ajiye tafiya ƙarfe goma sha ɗaya, ka yi ƙailula kamar a gida.

Kaya

Takalmi ne farko. Dutsen nan yana cinye ƙasan takalmi, kambas na ƙwallo ba zai kai mako ba. Ka sayi na hawan dutse mai kaurin ƙasa, ya ɗara ƙafarka da lamba ɗaya don ƙafa tana kumbura kuma yatsu suna dukan gaba a gangara, ka yi wata guda kana zuwa aji da shi kafin tafiya. Safa biyu masu kauri, ba na auduga ba, kana sanye da ɗaya ɗaya tana bushewa a bayan jaka. Da zarar ka ji wani wuri a ƙafarka ya fara zafi-zafi, tsaya nan take ka manna filasta, kada ka jira masauki. Sanduna biyu na tafiya kuma ba na tsofaffi ba ne, su suka cece mini gwiwa.

Duk abin da ka goya, har da ruwa, kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka duk rigar da ka cire wurin ruwa ka samu. Lita uku shi ne mafi ƙaranci a rana mai sauƙi. Ka riƙe ƙwayoyin tsarkake ruwa ko ƙaramin mataci, da ƙunshin gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu gudawa. Kusan kowane ƙauye yana da masallaci, kuma kusan kowane masallaci yana da famfon alwala a waje; dokata ita ce ba na wuce ko ɗaya ban cika gora ba, ko da ta kusa cika. Abinci ba damuwa, halal ne, za ka samu burodi da zaitun da cuku da zuma da gozleme, wainar fulawar nan mai faɗi da mata suke toyawa a kan tanda. Na rana kuwa dabino da gyaɗa, in kana da ragowar kilishi ko ƙuli-ƙuli daga gida to ka fi kowa guzuri.

Ka sauke taswirar hanyar a waya yadda za ta yi aiki ba intanet, ka riƙe fawa-bank. Fenti yana gogewa, wani wurin kuma buldoza ta yanka sabon titi ta kwashe duwatsun alamar. In ka yi minti biyar ba ka ga fari da ja ba, koma inda ka ga na ƙarshe. Kada ka yanke ta cikin ƙaya don kana hango teku, a nan ake faɗawa bakin gangare. Kuɗi a hannu, don na'urar cire kuɗi sai manyan garuruwa irin Kalkan da Kash da Demre da Finike. Takardar zamanka a aljihu. Lambar gaggawa 112.

Karnukan makiyaya manya ne, wasu sun kai ɗan maraƙi. Kada ka gudu, kada ka ratsa tsakiyar garke, ka tsaya ka kira mai su, yawanci yana kusa. Kunama da kububuwa suna nan, ka zazzage takalmi da safe, kada ka cusa hannu ƙarƙashin dutse. Abin da za ka fi haɗuwa da shi dai kunkuru ne, yana tsallake turba hankalinsa kwance.

Wani abu da yakan rikita 'yan gida: mu mun saba alƙibla gabas ce har muna kiranta da sunan. A can kudu take, ta ɗan karkata gabas, sau da yawa teku za ka fuskanta. Kai da ke Konya ka riga ka san wannan a masallaci, amma a daji bayan gajiya jiki yakan koma wa sabonsa, na taɓa kama kaina na tayar da sallar la'asar rana tana bayana. Hukuncin kasaru da taimama ka tambayi malaminka kafin ka tashi, ni ba fagena ba ne. Mutanen ƙauyukan kuwa, sallama tana buɗe ƙofarsu. Za a kalle ka, za a tambaye ka daga ina, za a nemi hoto, za a cika ka da shayi a ƙananan kofunan gilashi. In ka ga mutum yana aiki ka ce masa kolay gelsin, daidai take da sannu da aiki.

Maganar tafiya kai kaɗai ban ce haramun ba ce, a sashen yamma cikin Afrilu ba za ka yi awa biyu ba ka haɗu da wani ba. Amma targaɗe ɗaya a kwazazzabon da babu sabis ya isa ya mayar da yawo ya zama wani abu daban. Ka ja ɗaya daga cikin Turkawan nan masu yi maka gargaɗi, ko aƙalla kowace safiya ka turawa wani sunan ƙauyen da za ka kwana. Ni ba likita ba ne, kuma duk abin da na faɗa na matashi ne mai cikakkiyar lafiya. Idan kana da sikila, ko da ɗauke da ita kawai kake, ko asma ko ciwon ƙoda, to ƙishirwa da wahala a zafi ba abin wasa ba ne gare ka, ka ga likitan makaranta tukun.

Kafin nan ga aikin da za ka fara gobe: ka zuba littattafai a jaka har kilo 8, ka hau benen ɗakin kwananku ka sauko sau ashirin, kwana uku a mako, da sabon takalmin a ƙafarka. Saukowar ka fi kula da ita. Bayan mako shida ka rubuto mini yadda gwiwar take, sai mu zaɓi ranar.